Baƙar alkama a zamanin sauyin yanayi: me ya sa girbinta ke hawa da sauka?

A watan Yulin 2010 wani irin zafi da ba a saba gani ba ya sauka a yammacin Rasha. Ranar 29 ga watan ma'auni ya nuna digiri 38.2 a birnin Mosko. Mutumin Yamai ko Njamena ya saba da irin wannan zafi a watan Afrilu, amma a can sai ya zama bala'i. Dazuzzuka suka kama da wuta, gonaki suka ƙone, gwamnati ta dakatar da fitar da hatsi zuwa ƙetare daga tsakiyar watan Agusta.

A kasuwanni kuwa, abin da ya fi tayar wa iyalai hankali shi ne wata ƴar ƙwaya mai kusurwa uku da Rashawa ke kira grechka, wadda ake dafawa a kusan kowane gida, da makarantu, da asibitoci, da barikokin soja. Kuɗinta ya ninka fiye da sau biyu cikin ƴan watanni, a wasu kantunan ma aka neme ta ko ta magani aka rasa.

Alƙaluman hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, sun nuna cewa Rasha ta girbe kimanin ton 564,000 na wannan ƙwaya a 2009. A 2010 girbin ya faɗo zuwa kimanin ton 339,000. A 2011, da manoma suka ga tsada suka faɗaɗa gonaki, yanayi kuma ya yi kyau, sai ya haura zuwa kusan ton 800,000.

Wannan hawa da sauka shi ne halin shukar da Faransawa ke kira sarrasin ko blé noir, wato baƙar alkama. A ƴan shekarun nan masana na yawan ambatonta cikin shukokin da za su iya agaza wa duniya idan yanayi ya ƙara rikicewa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin tana nuna da wuri, ba ta neman taki da yawa, tana kuma gina jiki. Sai dai duk wanda zai dogara da ita tsawon shekaru ya kamata ya san inda rauninta yake, kuma raunin yana cikin furenta.

Sunan alkama, amma ba danginta ba

Duk da sunan da aka laƙaba mata, baƙar alkama ba ta haɗa dangi da alkama, ko gero, ko shinkafa ba. Waɗancan duk dangin ciyawa ne masu siririn ganye. Ita kuwa ganyenta faffaɗa ne mai siffar zuciya, karanta ja-ja ne mara ƙwari, tsayinta daga rabin mita zuwa mita ɗaya da ƴan kai, furanninta farare ko masu ruwan hoda. Ƙwayar na cikin wani ɓawo mai duhu, wanda ake cirewa a dafa ta kamar shinkafa, ko a niƙa ta gari.

Nau'i biyu ake nomawa. Akwai gama-gari, mai sunan kimiyya Fagopyrum esculentum, wanda shi ne ake samu a Rasha, Yukren, Poland, Faransa da Japan. Akwai kuma mai ɗaci, Fagopyrum tataricum, wanda ya fi yawa a tsaunukan Sin, Nepal da Butan.

Asalin shukar kudu maso yammacin Sin ne, wajen tsaunukan Yunnan da Sichuan da gabashin Tibet. A can ne Farfesa Ohmi Ohnishi na jami'ar Kyoto ya gano kakarta ta daji a wajejen 1990. Daga nan ta bazu zuwa Koriya da Japan, ta bi ta tsakiyar Asiya zuwa Rasha, ta isa yammacin Turai a ƙarni na 14 da na 15. Kalmar sarrasin ita ce sunan da Turawan wancan zamani ke kiran Larabawa da Musulmi da shi, alamar cewa sun ɗauke ta baƙuwa ce daga gabas.

Kowace ƙasa da yadda take sarrafa ta. Rashawa na yin wani irin fate da suke kira kasha. Japanawa na murza taliyar soba da garinta. A yankin Bretagne na yammacin Faransa ana yin galette, wata faffaɗar waina mara kauri. A ƙauyukan Nepal kuwa tuwo ake tuƙawa da ita.

A mafi yawan shekaru abin da duniya ke girbewa bai wuce kusan ton miliyan 2 ba, Rasha da Sin ke da kaso mafi tsoka. Idan aka kwatanta da alkama, wadda girbinta ke neman ton miliyan 800, za a ga ƙaramar sana'a ce. Amma ga waɗanda ita ce cimakarsu, shekarar da ta ƙi yi shekarar wahala ce.

Shekara ɗari da hamsin, girbi na nan inda yake

A tsakiyar ƙarni na 19 Faransa na shuka baƙar alkama a fili mai faɗin kusan hekta 700,000, galibi a ƙasa mara ƙarfi ta Bretagne da Normandie da tsaunukan tsakiya, inda alkama ba ta yi. A lokacin abin da hekta guda na alkama ke bayarwa bai fi ton ɗaya da ƴan kai ba, don haka tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa.

Da takin zamani da ingantaccen iri suka zo, sai alkamar Faransa ta yi ta hawa har ta kai wajen ton 7 a hekta. Baƙar alkama kuwa ta tsaya tsakanin ton 1 zuwa 1.5. A duniya baki ɗaya ma matsakaicin girbinta kusan ton ɗaya ne a hekta. Idan aka cika mata takin nitirojin sai ta yi ganye, ta yi tsayi, iska ta kwantar da ita, ƙwaya kuma ba ta ƙaru ba. Manoma suka juya mata baya, har ta kusa ɓacewa daga gonakin Faransa a shekarun 1970. Daga baya wata ƙungiyar manoma da masu injin niƙa ta farfaɗo da ita, kuma a 2010 garin baƙar alkamar Bretagne ya sami tambarin kariya na Tarayyar Turai, IGP. Duk da haka har yau Faransa na sayo kaso mai yawa na abin da take ci daga ƙetare.

Abin da ya hana ta amsa taki shi ne dai ya sa take jin sauyin yanayi a jikinta: yawan ƙwayarta ya dogara ne da abin da ya faru da fure cikin ƴan makonni.

Fure dubu, ƙwaya ɗari

Baƙar alkama na kammala rayuwarta cikin mako 10 zuwa 12. Kimanin wata guda bayan shuka take fara fure, kuma ba ta tsayawa. Tana fure, tana ƙara tsayi, tana fid da sabbin rassa a lokaci guda, har makonni da dama. A kan shuka ɗaya za ka ga toho, da buɗaɗɗen fure, da ɗanyar ƙwaya, da wadda ta nuna har tana kakkaɓewa. Manomi ba shi da ranar girbi da za ta kama duka. In ya yi gaggawa ya kwashi ɗanye, in ya jinkirta na farko ya zube ƙasa.

Kowane fure yini ɗaya tak yake yi a buɗe. Idan ba a yi masa barbara a wannan yinin ba, shi ke nan. Ko a shekara mai kyau, sau da yawa fure ɗaya ko biyu ne cikin goma ke zama ƙwaya.

Zafin da ya fi dacewa da ita lokacin fure yana tsakanin digiri 18 zuwa 23. Idan ya kai 30 ya ɗore, musamman da busasshiyar iska, sai furanni su yi ta bushewa suna faɗuwa. Masu bincike a jami'ar aikin gona ta Krakow a Poland sun raini shukar a digiri 20 da kuma 30, suka tarar cewa ɓangaren mace na furen, inda ɗan tayin ƙwaya ke samuwa, shi ya fi lalacewa da zafi, fiye da ƙurar namiji. Abin ruɗarwar shi ne ganye da kara na ci gaba da girma lafiya lau. Daga bakin hanya gona ta yi fari fat da fure, sai ranar sussuka a ga buhu bai cika ba.

Ga kuma saiwa gajeriya. Ba ta nitsawa ƙasa sosai, don haka ƙarancin ruwa na ƴan kwanaki lokacin fure na sa ta yanƙwane. A ɗaya gefen kuma ba ta son kwanciyar ruwa. A Japan, inda ake yawan shuka ta a tsoffin fadamun shinkafa, mamakon ruwa na kwana ɗaya ko biyu bayan shuka na iya ruɓar da iri kafin ya tsiro.

Sanyi ma abokin gaba ne. Raɓa mai daskarewa na kashe ta a dare ɗaya, a farkon rayuwarta ko a ƙarshe. A kakar 2014 dusar ƙanƙara ta sauka da wuri a yankin Altai na Saiberiya, inda ake noma kusan rabin baƙar alkamar Rasha, ta binne gonakin da ba a kai ga girbewa ba. Farashi ya sake tashi, jama'a suka yi ta rububin saye suna ɓoyewa.

Ke nan shukar na rayuwa ne cikin wata ƴar siririyar ƙofa tsakanin sanyin baya da sanyin gaba, da sharaɗin tsakiyar ba za ta yi zafi da yawa ba. Ɗumamar yanayi na faɗaɗa ƙofar ta gefe biyu, amma tana ƙara yawan ranakun tsananin zafi a tsakiya, daidai lokacin fure.

Ba ta haihuwa sai da ƙudan zuma

Nau'in gama-gari na da wata halitta ta daban. Kusan rabin shukokin gona na da fure mai dogon bututun mace da gajerun sandunan namiji. Sauran rabin kuwa akasin haka ne. Shuka ba ta karɓar ƙurar kanta, ba ta kuma karɓar ta mai siffa irin tata. Dole ƙura ta tashi daga wannan siffa zuwa waccan, kuma ƙwari ne ke yin dakon: ƙudan zuma, da ƙananan ƙudajen daji, har da tururuwa.

Furen na fid da ruwan zaƙinsa ne da safe, ƙudan zuma kuma na aiki a kansa daga hantsi zuwa tsakar rana. Idan zafi da fari suka matsa, ruwan zaƙin ya ragu, sai ƙudan su koma wani wuri. Ranar da aka wuni ana ruwa ko iska mai ƙarfi, ba sa fitowa, furannin ranar kuma sun tafi a banza. Wani bincike da aka yi a lardin Ibaraki na Japan ya nuna cewa gonakin da ke kusa da daji, inda ƙudan zuman ƙasar da sauran ƙwari ke da mafaka, sun fi ɗaura ƙwaya.

Saboda haka manoman Rasha da Yukren da Faransa kan gayyaci masu kiwon zuma su jera amya a gefen gona. Mai gona ya sami ƙwaya, mai amya ya sami wata baƙar zuma mai ƙarfin ƙamshi da ke da kasuwarta. Duk abin da ya taɓa ƙwarin nan, ko maganin feshi ne ko sare daji, ya taɓa girbin.

Abin da ke cikin ƙwayar

Dalilin da ya sa ake ta ƙoƙari a kanta duk da wannan wahala shi ne amfaninta a jiki. A giram 100 na ƙwayar akwai furotin kusan giram 13, da harza mai taimakon hanji kusan giram 10, da maganiziyam fiye da miligiram 200. Furotin ɗin na da wadatar sinadarin laisin, wanda ya yi ƙaranci a alkama da masara da dawa. Ba ta da gulutin, don haka masu ciwon hanjin da ba ya jure alkama na iya cinta.

Tana kuma ɗauke da rutin, sinadarin da shukar ke kare kanta da shi daga zafin hasken rana, wanda masana ke nazarin amfaninsa ga jijiyoyin jini. Ƙwayar nau'i mai ɗaci na da rutin kusan ninki 100 na gama-gari. Da an zuba wa garinta ruwa, wani sinadari da ke cikinta kan farfasa rutin ɗin, daga nan ɗacin ke fitowa. Masu bincike a tsibirin Hokkaido na Japan sun fitar da wani iri mai suna Manten-Kirari wanda wannan farfasawa ta yi ƙaranci ƙwarai a cikinsa, sai rutin ya tsaya, ɗaci ya ragu.

Yawan rutin na sauyawa da tsayin wuri, da ƙarfin rana, da ƙishin da shukar ta sha. Iri guda da aka shuka a kwari da kan tsauni ba zai ba da abu ɗaya ba. Don haka idan yanayi ya sauya, ko aka matsar da gonaki, abin da ke cikin ƙwayar ma zai motsa.

Akwai kuma batun iskar kabon. Kafin zamanin masana'antu yawanta a sararin sama kashi 280 ne cikin miliyan, yanzu ya haura 420. A 2014 mujallar Nature ta wallafa binciken da Samuel Myers na jami'ar Harvard ya jagoranta, inda aka noma hatsi a fili ƙarƙashin kabon mai kusan kashi 550. Zinkin alkama ya ragu da kusan kashi 9 cikin ɗari, sinadarin ƙarfe da kashi 5, furotin da kashi 6. Masara da dawa kuwa ba su girgiza sosai ba, domin hanyar da suke sarrafa hasken rana daban ce, wadda masana ke kira C4. Gero da acca ma a wannan rukuni suke. Baƙar alkama ba ta cikin shukokin da aka gwada, amma rukuninta ɗaya da alkama da shinkafa, wato C3, rukunin da aka ga raguwar a cikinsa.

Ba kowa ke iya cinta ba. A Japan da Koriya tana cikin abincin da ke tayar wa wasu mutane mummunan borin jini, har doka ta wajabta rubuta sunanta a jikin kwalin abinci. Dabbobi masu farar fata da suka ci ɗanyen ganyenta da yawa suka shiga rana kan yi ƙuraje da kumburi.

Zaƙami a cikin gari

Wata barazanar da ɗumamar yanayi ke ƙara wa ƙarfi ta fito ne daga ciyawar da duk Bahaushe ya san danginta: zaƙami, ko haukata-yaro. Nau'insa da ake kira datura a Turai na son zafi, yana tsirowa a gonakin bazara, kuma a Faransa yana ta matsawa arewa. Yana nuna lokaci ɗaya da baƙar alkama, injin girbi ya haɗa su, ƙananan baƙaƙen ƴaƴansa kuma na iya kuɓuce wa tankaɗe. Ko ruwan karansa ya shafi ƙwayar ya isa ya gurɓata ta.

A 2003 mutum 73 suka sha guba a Sloveniya bayan sun ci abincin da aka yi da irin wannan gari. A Faransa an sha janye gari daga kantuna saboda wannan dalili. Daga watan Satumban 2022 Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa gubar kada ta wuce maikurogiram 10 a kilo guda na baƙar alkama. Da yake galibi ba a fesa wa gonakinta maganin ciyawa, sai manomi ya bi kunya-kunya da safar hannu yana tumɓuke zaƙamin kafin girbi.

Irin da ba ya zama wuri guda

Tun da kowace ƙwaya ta gama-gari na da uwa daban da uba daban, babu shuka biyu a gona da gadonsu ya zo ɗaya. Abin da ake kira iri a nan taron dangi ne masu kama da juna, kuma taron na sauyawa daga shekara zuwa shekara ta hanyoyi da dama.

Ƙudan zuma na tafiyar kilomitoci, yana kwaso ƙura daga gonar maƙwabci. Shekarar zafi kuma na yin nata tankaɗen: shukokin da suka iya ɗaura ƙwaya cikin wahala su ne za su fi yawa a irin baɗi. Hannun manomi ma na zaɓe ko bai sani ba. A shekarun 1980 masu bincike a Japan sun nuna cewa sauya ranar girbi kaɗai ya isa ya sauya lokacin furen zuriyar wani tsohon iri na yankin Miyazaki. Idan kuma aka ajiye iri daga shuka ƴan kaɗan, sai auren dangi ya yi yawa, zuriya ta yi rauni, wasu halaye su ɓace kwata-kwata.

Ga kamfanin iri da mai injin niƙa wannan ciwon kai ne, domin suna son abin da suka saya bana ya zama shi ne baɗi. Dole a riƙa noma iri a keɓantaccen fili, nesa da sauran gonaki, ana sabunta shi. A Bretagne galibin gonaki iri guda suke shukawa, La Harpe, wanda cibiyar binciken noma ta INRA ta fitar tun farkon shekarun 1960, a yanayin da ya fi na yau sanyi.

Ga manomin da ke ajiye irinsa kuwa, wannan rashin zama wuri guda garkuwa ce. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: a cikin taron akwai masu saurin fure, akwai masu jure zafi, waɗanda ba a lura da su sai shekara ta ɓaci. Da haka shukar da ta fito daga kudancin Sin ta iya zama a Hokkaido da Saiberiya. A Japan har an raba ta gida biyu, irin bazara da irin kaka. Irin kaka na jiran yini ya gajarta kafin ya ɗaura ƙwaya da kyau, kamar yadda maiwa ke jiran ƙarshen damina ko yaushe aka shuka ta. In aka shuka shi lokacin dogon yini sai ya yi ta fure babu ƙwaya.

Nan ne wata matsalar take. Ɗumamar yanayi na sauya zafi da ruwan sama, amma tsawon yini na nan yadda yake. Manomin da ya matsar da ranar shuka don ya kauce wa zafi, ko ya ɗauki iri daga kudu ya kai arewa, zai iya faɗawa cikin tsawon yinin da irin bai saba da shi ba.

Nau'i mai ɗaci kuwa yana yi wa kansa barbara, ba ya jiran ƙwari, zuriyarsa na fitowa kamar uwar. Ya fi jure sanyi, ana noma shi har sama da mita 3,500 a tsaunukan Himalaya. Amma bambancin da ke cikin kowane iri nasa kaɗan ne, furanninsa kuma ƙanana ne ƙwarai, haɗa su aure da hannu aiki ne ja.

Abin da masana ke yi

A birnin Orel na Rasha, cibiyar binciken wake da hatsin fate ta fitar da ire-iren da ke dakatar da tsayi bayan sun yi ƴan rassan fure, irin su Dikul da Devyatka. Ba sa kwanciya da sauƙi, ƙwayarsu na nuna kusan tare, kuma sun mamaye kaso mai yawa na gonakin ƙasar.

Wata hanyar ita ce raba shukar da dogaro da ƙwari. Farfesa Ohnishi ya kuma gano wata ƴar'uwarta ta daji, Fagopyrum homotropicum, mai karɓar ƙurar kanta. A shekarun 1990 aka haɗa su aure a Kanada, daga baya a Japan, aka sami zuriya mai yi wa kanta barbara. Sai dai ƴar dajin ta zo da nata halin na zubar da ƙwaya da zarar ta nuna, zuriyar kuma na fama da raunin auren dangi, don haka aikin na tafiya a hankali. An karanta taswirar gadon nau'in gama-gari a karon farko a 2016, ta mai ɗaci a 2017, abin da ke sauƙaƙa neman halayen da ake so.

Duk wannan aiki sai da tsoffin ire-ire a hannu. Cibiyar Vavilov da ke Saint Petersburg na ajiye da samfuri fiye da 2,000 na baƙar alkama, Sin ma na da nata babban rumbun. Amma iri a rumbu na tsufa, dole a riƙa fito da shi ana shukawa. Kowane samfuri sai an killace shi cikin gidan sauro, da shuka masu yawa, da ƙwarin da za su yi barbara. In aka yi sakaci, abin da aka mayar cikin kwalba ya bambanta da abin da aka fitar.

A tsaunuka kuma rumbun da ke gonakin jama'a na raguwa. A yankin Mustang na Nepal itacen tuffa na cin filayen da a da na baƙar alkama ne, a kwarin Bumthang na Butan kuwa dankalin Turawa ne ya ja hankalin manoma, matasa kuma na tafiya birni. Rahoton da cibiyar ICIMOD ta Katmandu ta fitar a 2019 ya ce ko da an tsayar da ɗumamar duniya a digiri 1.5, tsaunukan yankin za su ɗara haka da aƙalla digiri 0.3.

Ina ruwan manomin Sahel?

A Maraɗi, ko Marwa, ko Abeche, zafin rana a tsakiyar damina kan wuce digiri 30, wato ya haura abin da furen baƙar alkama ke ɗauka. Lokacin da zai yi mata daɗi shi ne sanyin Disamba da Janairu, a noman rani, inda za ta yi gogayya da albasa da tumatir da alkama wajen ruwa da fili. Mai neman hatsin da ke nuna da wuri a ƙasa mara ƙarfi yana da acca da gero a gida.

Dangantakar tana wajen iri. Gero ma shuka ce mai auren waje, sai dai iska ce ke yi masa dakon ƙura. Masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na Nijar sun kwatanta geron da aka tattara daga ƙauyuka 79 na Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa daga ƙauyukan a 2003, bayan fare-faren shekarun 1970 da 1980. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa galibi ire-iren nan ne dai manoma ke shukawa, yalwar gadonsu ba ta ragu sosai ba, amma geron 2003 ya fi saurin fure, kansa kuma ya fi gajarta. Damina ta gajarta, iri ya bi ta a hannun manoma, ba tare da wani ya tsara haka ba.

Wannan bin yanayi na yiwuwa ne muddin taron dangin na da yawa. Shi ya sa malaman gona ke cewa a sabunta ingantaccen iri irin su HKP bayan ƴan shekaru idan ana son ya riƙe halinsa, shi ya sa kuma rumbun iri na ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ke ajiye da tsoffin samfuran gero. Manomin da ke ware kan gero na iri a ranar girbi, idan ya zaɓo daga sassa daban-daban na gona, daga shuka masu yawa, ya bar wa ƴaƴansa abin da za su fuskanci shekarar da ba a san irinta ba. Wanda yunwa ta sa ya cinye irinsa ya koma kasuwa ya auno ko wane ne, ya yi asarar zaɓen shekaru masu yawa.

A Rasha dai har yanzu ba a huta ba. A 2021, da farashin grechka ya sake tashi, gwamnati ta hana fitar da ita daga ƙasar tun daga 5 ga Yuni har ƙarshen Agusta, tana jiran ta ga yadda fure zai kaya a gonakin Altai.